In zaka gida ƙauye da ɗarin nan, ga yadda zaka yi

Jama'a in dai kana da dangi a ƙauye kuma kana neman lokacin da zaka je ka zauna dasu zama na gaske ba irin na leƙawa a juyo ba, to wallahi babu kamar lokacin ɗari, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu. Da damina kowa na gona tun asuba, in ka je sai ka tarar da gari wayam sai tsofaffi da ƙananan yara, da bazara kuma kun san zafin Sakkwato ba sai an faɗa ba, daga Maris zuwa Mayu ma'auni na haura 40 ba mai son doguwar magana balle hidimar baƙo. Amma da hunturu an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, mutane na da hatsi na da ɗan kuɗi a hannu kuma uwa uba suna da lokacinka, shi ya sa ma zaka ga bukukuwan aure da dambe duk a wannan tsakanin ake jera su. Zan yi magana kan shiri da gaisuwa, sannan koyon sassaƙa da tafiyar ƙasa in ka je.

Farko ka san abin da zaka tarar. Iskar nan busasshiya daga arewa maso gabas take kaɗowa ta ratso Sahara, ƙurar kuma da yawanta daga wani kwari ne na ƙasar Chadi da ake kira Bodele, wata rana ka tashi ka ga hazo ya rufe ko'ina ko bishiyar bayan gida baka gani sosai. Da dare sanyi kan sauka ƙasa da 15, da rana ya koma wajen 30, to ɗan birni sai ya raina abin tunda a unguwannin birnin Sakkwato irin su Mabera ko Arkilla gine-gine sun tare masa iska, amma ƙauye fili ne fetal, musamman in garinku na bakin fadama ne irin su Wurno, Kware, Wamakko ko Silame, sanyin asuba can har cikin ƙashi yake shiga. Ka ɗauki suwaita mai kauri da hular sanyi da safa, sannan don Allah ka tafi da bargonka. Wannan mutane basa lura dashi, gidan ƙauye in baƙo ya zo ba zasu taɓa ce masa babu bargo ba, kawai na wani yaro za a ɗauko a baka shi kuma ya kwana yana rawar ɗari baka sani ba. In ma da hali ka je da biyu ka baro su can. Sai man kaɗe ko basilin saboda kaushi da faso da tsagewar leɓe, takunkumi ko rawani saboda ƙura, mai asma kada ya kuskura ya bar maganinsa, sai tocila da fawabanki, da kuɗi a hannu ƙanana ƙanana don ba ko'ina ake samun sabis ba balle mai POS.

Maganar hanya kuma ba abin ɓoyewa bane, akwai yankunan da ke fama da 'yan bindiga, gabashin jihar Sakkwato wajen Isa da Sabon Birni da sassan Rabah da Goronyo, da kuma wajen Tangaza da Gudu. Kafin ka tashi ka kira mutanen gida su faɗa maka gaskiyar yadda hanya take a wannan satin, in sun ce ka dakata to ka dakata ba gardama. Ka fita da hantsi bayan hazo ya ɗan sarara ka isa kafin la'asar, ban da tafiyar dare, kuma kada ka sanar a Facebook ko sitatus cewa ga ka nan tafe garin kaza ranar kaza. In mota bata kaiwa har cikin gari ka sa wani ɗan'uwa ya tare ka a bakin titi da mashin ko ya turo maka ɗan kabu-kabun da aka sani.

Tsaraba ba sai mai tsada ba amma ka rarraba ta tun daga gida kowa da ƙullinsa, don in ka kai ta a dunƙule ka ajiye gida ɗaya to ka haɗa rigima ne baka sani ba. Goro da turare na dattawa, sabulu da sukari da ganyen shayi da man shafawa na iyaye mata, alawa da biskit na yara, in ka biya ta wajen 'yan gwanjo ka kwashi rigunan sanyi na yara masu yawa duk girman da ka samu, ba za a rasa wanda zai shiga ba, abin da ya rage ka miƙa ma malamin makarantar allo saboda almajirai, su ne suka fi kowa shan wuyar ɗari.

Da ka sauka kada ka fara yawo. Ka fara da babban gida, wajen wanda ya fi kowa shekaru a dangi, ka cire takalmi a bakin zaure ka durƙusa ka gaishe shi a natse, gaisuwar ƙauye ba a gaggawa da ita. Zaka ji Bappa na cewa "an zaka lahiya? ina gajiya, ina mutanen birni, ina ɗiya, ina ɗari?" kai kuma kana amsawa "lahiya lau Bappa, ɗari lokacinai na", ya sake dawowa farko ya ƙara tambaya, kada ka ƙosa, kuma wayarka na cikin aljihu har a gama. Daga nan sai cikin gida wajen su Inna da Goggo. Gidan da ba muharramanka ba ka tsaya a zaure ka aika yaro ya yi maka iso, ko da kuwa a gidan ka yi wasan ƙasa kana ƙarami, yanzu akwai matan aure a ciki. Washegari ka roƙi wani Kawu ya raka ka ka gaida mai gari da liman.

Ga dabarar da nake ganin ta fi komai amfani. Daren farko ka zauna da Goggo ko wata tsohuwa ta gidan ka tambaye ta abu uku, wa ya rasu tun zuwanka na ƙarshe, wa ke kwance ba lafiya, wa ya haihu. Ita ta san komai kuma bata mantuwa, ka rubuta a takarda ko a waya. Wannan shi ne jadawalin ziyararka, ta'aziyya farko, sai dubiya, sai barka, sauran gaisuwa ta biyo baya. Mutumin ƙauye zai iya yafe maka rashin tsaraba amma ka shigo gari ka fita baka je ka ce masa "ina haƙuri, Allah shi jiƙan Inna da rahama" ba, wannan yana daɗewa a zuciya, ko da rasuwar ta shekara ka je. In zaka ba tsohuwa kuɗi ka dunƙule ka sa mata a hannu lokacin da zaka tashi ba a gaban jama'a ba. Duk gidan da aka kawo maka hura ko hoce ko kunu ka taɓa ko kaɗan ne, ka san gidaje da yawa zaka shiga don haka kada ka cika ciki a gidan farko. Sannan ina roƙo, a daina ɗaukar hoton tsofaffi da ɗakunansu ana watsawa a intanet ba tare da sun sani ba, ba abin kallo bane, iyayenmu ne.

Wani abu da ke kashe mutane duk shekara shi ne shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi in yana ci yana fitar da iska mai guba wadda bata da wari bata da launi, mutum na barci ta ɗauke shi. In an kawo kasko don tsoho ko mai jego a ɗumama ɗakin, a fitar dashi kafin a kwanta, in ka ji ciwon kai da jiri a ɗakin da ke da wuta ka buɗe ƙofa kowa ya fito waje nan take. Ga kuma gobara, komai a bushe yake, darni na kara ne, jinka ta ciyawa ce, harawa na kan rumfa, iska na kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa. Duk wanda ke Sakkwato ya tuna yadda babbar kasuwa ta ci wuta a Janairun 2021, to ƙauye ko motar kwana-kwana babu. In an gama jin ɗumi a yayyafa ruwa a rufe tokar da ƙasa.

To mu zo kan sassaƙa, don nan nake so a fi tsayawa. Bayan ka gama zagayen gaisuwa zaka ga kana da lokaci da yawa daga hantsi zuwa azahar, maimakon kwanciya kana neman sabis ka nemi masassaƙin garin. Yawanci zaka same shi gindin wata bishiya a gefen gari ko kusa da maƙera, don aikinsu a haɗe yake, maƙeri ya ƙera ruwan kalme, wato fartanya, ko na gatari shi kuma ya yi ƙota. Sana'a ce ta gado galibi don haka ka je da ladabi, ka kai goro, ka ce kana son ka ga yadda ake yi, ranar farko kada ka taɓa komai ka zauna ka kalla kawai. Zaka ga yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa ɗaya ya danne iccen da tafin ɗayar, gizago a hannun dama, ba ya ɗaga shi sama sosai, sara ne gajere gajere daga wuyan hannu, kowane sara ya ɗauke ɓallin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba, hannun hagu na juya iccen kaɗan kaɗan, can ya tsaya ya ɗaga shi ya rufe ido ɗaya ya hango tsawonsa ya ga inda ya karkace ya ci gaba. Babu tef babu fensir, da kamu da yatsa yake awo.

Sanin icce shi ne rabin aikin. Ƙirya ita ce ta turmi da taɓarya saboda tauri da nauyi kuma gara bata cika damunta ba, sai dai ta yi wuyar samu yanzu. Marke da aduwa na ƙota ne, aduwa kuma da ita ake yin allon karatu. Ɗanya tana da sauƙin sassaƙa shi ya sa ake akushi da ita, maɗaci na kujera da ƙyaure. Dogon yaro shi ne ya fi yawa a ko'ina kuma don koyo ya wadatar, amma kada ka yi muciya ko wani abin abinci dashi, haka ma maɗaci, saboda ɗaci, tumfafiya da duk wani mai farin ƙaro kuma ka nisance shi. Kuka bata sassaƙuwa, cikinta taushi ne da zare zare.

Kuma kada ka ɗauki gatari ka shiga gonar mutane ko daji ka kama sara. Kowace bishiya a gona da mai ita, na gandun daji kuma akwai malaman daji da doka a kansu. Ka tambayi mai gona ya nuna maka reshen da zai rage ko wanda iska ta karya, reshe ake cira ba a kayar da uwa. Mu da hamada ke bin mu a baya, Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin nan na dasa katangar bishiyoyi don tare hamada ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince dashi a 2007, bai kamata a ce don sha'awar koyon sassaƙa an rasa bishiya ko ɗaya ba. Gawo kam ko reshensa ni bana so a taɓa sai dole, shi ne yake kaɗe ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore shar ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona.

Ka fara da ƙotar kalme, ita ce makarantar farko. Ka nemi reshe mai kaurin da hannunka zai kusa zagayewa, wanda ke da ƙulli ko ɗan lanƙwasa a kai ɗaya inda wani reshen ya fito, wannan ƙullin shi ne kan ƙota, nan ƙarfin yake don zaren iccen a murɗe yake ba ya saurin tsagewa. Tsawo kamu ɗaya da ɗan ƙari, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa sannan ka ƙara kamar tafin hannu, amma lokacin yanka ka bar rarar yatsa huɗu kowane gefe saboda bakin icce shi ke fara tsagewa, daga baya ka datse. A nan ne hunturu ke cutar sabon shiga, iskar ta bushe da yawa, in ka ɓare ɗanyen icce ka yar a rana kafin kwana biyu ya dare gida biyu. Ka ajiye shi a inuwa inda iska bata bugunsa kai tsaye, cikin zaure ko ƙarƙashin rumbu a kan duwatsu saboda gara, ka bar ɓawon a jiki, ka shafe bakunan da laka ko mai. Tunda kwanakinka ƙidayayyu ne mafi sauƙi ka roƙi masassaƙin ya sayar maka da wanda ya riga ya sha iska, naka ɗanyen ka bar shi can sai wani zuwan.

In ka zauna aiki ka fara cire ɓawo, sannan ka rage jikin daga wuyan ƙota zuwa gindi, kan ka bar shi da kaurinsa. Ka bi zaren icce, in ka ga gizago na cusawa ciki yana ɓanɓaro babban yanki to kana sara ta gefen da bai dace ba, juya iccen ka saro daga ɗaya ɓangaren. Kada ka nemi gamawa da sara goma, cire kaɗan kaɗan, abin da ka cire baya komawa. Mariƙin ya ɗan fi siranta a tsakiya ya ɗan buɗe a gindi don kada ya suɓuce in hannu ya yi gumi. Da siffa ta fito sai ka koma wuƙa, daga nan ka kankare da gefen fasasshiyar kwalba ko samfefa in ka zo da ita daga birni har sai ka shafa da tafin hannu baka ji sartse ba. Huda kuma aikin maƙera ne, maƙeri zai sa tsinin ruwan kalmen a wuta ya yi jajir ya danna a kan ƙotar, hayaƙi ya tashi, ya zare ya mayar wuta ya sake dannawa har ya zauna daram. Kafin a kai ƙarshe ka riƙe ka duƙa kamar zaka yi noma ka ga ko bakin na kama ƙasa daidai, in ya miƙe da yawa ko ya kwanta da yawa mai noma da ita bayansa zai gaya masa. Daga ƙarshe ka shafe ta da man gyaɗa ka bar shi ya shiga, ka ƙara washegari.

Abu biyu na kiyayewa. Da ɗari ƙota na ƙanƙancewa saboda bushewa sai ruwan gizago ko na gatari ya yi lako-lako, yana iya fita ya tashi sama ana cikin sara, don haka kullum ka girgiza ka ji kafin ka fara, in yana motsi a tsoma kan cikin ruwa ya kwana ko a buga masa ɗan tsinke. Sannan kaifi ya fi dakushi aminci, dakusasshen gizago shi ke zamewa ya sami ƙafa, ka wasa a dutse, ka kau da yatsun ƙafarka daga layin sara, ka kori yara daga gabanka don dole zasu taru. In tsautsayi ya sa ka yanke sosai ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu ka danne da tsumma mai tsabta ka tafi asibiti a duba maganar allurar tetanus, ban da zuba ƙasa ko toka a ciwo.

Wanda ya iya ƙota zai iya muciya, ita miƙaƙƙen icce take so marar ƙulli, sai ka kai ma Inna ta riƙe ta faɗa maka ko ta yi nauyi. Turmi da akushi da kujerar zaman mata da ake fitarwa daga gungume ɗaya kuwa ba aikin sati bane, shekaru ake yi ana koyo, naka kallo ne da saye. In zaka sayi turmi ranar kasuwa, ko Achida ranar Laraba ko Illela ranar Lahadi ko wadda ke kusa daku, ka ɗaga ka ji nauyi, ka kifa shi ka duba gindi, ka bi jiki da farce don wasu na cike tsaga da garin icce da gam, ka ƙwanƙwasa ka ji ko ƙarar a cike take. In ka kai gida a shafe shi da mai, a fara daka dusa a ciki a zubar kafin a sa hatsi, kuma kada a bar shi a rana ko a bar ruwa ya kwana a ciki. Don Allah in ka sami mai aiki mai kyau kada ka matse shi a ciniki, ka tuna kwana nawa ya yi a duƙe.

Saura tafiyar ƙasa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma da ɗari ne kaɗai zaka iya taka kilomita biyar ko shida a ƙasar Sakkwato baka jigata ba, mai lafiya na cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa ɗaya. Duk ƙauyen da ke cikin jadawalinka wanda bai wuce tafiyar awa ba kuma hanyar lafiya lau take, ka bar mashin ka taka. Da mashin wucewa kawai kake yi, a ƙasa kuwa duk wanda ka gamu dashi sai kun gaisa ya tambaye ka ɗan wa kake, sau da yawa a nan zaka gano dangin da baka san dasu ba. Lokaci mai kyau daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, ko bayan la'asar ka dawo kafin magariba. Kada ka tafi kai kaɗai, ka ja wani ƙane ko ɗan Kawu da ya san hanya, ka faɗa a gida inda zaka. Takalmi rufaffe da safa saboda ƙarangiya da tsidau da ƙaya, sanda a hannu, gorar ruwa ko da baka jin ƙishi don iskar na tsotse ruwan jiki a ɓoye. In zaka ɗaga tarin kara ko gungume ka fara turawa da sanda, kunama da maciji nan suke fakewa da sanyi.

In garinku na da fadama ka nufi can. Tudu duk ya yi fari ya bushe sai kututturan gero da sabara, kana gangarawa sai ka ga kore ko'ina, albasa da tafarnuwa da tattasai da tumatir, wani wuri alkama wadda ita dama sai da sanyi take yi, injin ban ruwa na ta ƙara, mutum tsaye cikin laka da kalme yana buɗe ma wannan fangali ruwa yana toshe wancan. Ruwan gulbin Rima da ake noman rani dashi daga Goronyo zuwa Wurno har ƙasa madatsar Goronyo ce ke sako shi, wadda aka gama a 1984. Wanda ke cikin birni ma bai da uzuri, ya gangara Kwalkwalawa ta hanyar jami'a zai ga irin wannan. Ka bi kan kunya kada ka taka cikin fangali, ka ce sannunku da aiki, in an baka rake ko albasa ka karɓa ka yi godiya. A tudu kuma zaka ci karo da shanu sun sauka a gonakin da aka girbe suna cin kara suna barin taki, ka ba garke hanya, ka yi sallama daga nesa kafin ka kusanci ruga saboda karnuka.

Mai son tarihi ya haɗa da ziyara, Sifawa ta ƙasar Boɗinga nan Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, Wurno kuma nan kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake wanda ya rasu a 1837. Amma ko tarihin garinku kaɗai ya ishe ka, ka sa wani dattijo ya zaga da kai ya nuna maka tsohuwar rijiya da kufai da iyakar gonar kakanku, ka riƙe sunayen da kyau, rigimar gado da yawa daga rashin sanin iyaka take farawa.

Da dare bayan isha'i in an hura wuta a ƙofar gida ka fito ka zauna, a gasa dankali a toka, nan ake hirar da ba a yi da rana. Ka fi saurare fiye da magana, kuma ka guji shiga rigimar cikin gida da ka tarar, kowa zai kawo maka nashi ɓangaren, ka ce Allah shi kyauta ka bar ma manya.

Ranar tafiya kada ta zo ma mutane ba zato, ka yi sallama tun ana gobe, gida gida kamar yadda ka yi gaisuwar zuwa, ka fara da Bappa. Za a haɗo maka gero da wake da kuka da daddawa da man shanu, kada ka ce a'a ko da ka san sun fi ka buƙata, mayar da kyauta ciwo ne, ka karɓa daga baya ka aiko da abin da ya fi. Man shanun ka ɗaure bakin robar da leda ka tsayar da ita cikin bokiti, ƙota ko turmin ka naɗe da buhu. In kuma an baka zabo ko kaza, a ɗaure ƙafafu a sa a kwali mai huji a ajiye kusa da kai inda iska ke shiga, kada ka bari direba ya cusa shi cikin but ƙarƙashin kaya.